Me Ƙungiyar Masu Ɗinkin Bargon Ƙyalle Take Yi a Garuruwan Amurka?

Wata 'yar'uwa da aure ya kai ta wani ƙaramin gari a Amurka ta aiko da tambaya. Ta ce maƙwabciyarta, wata dattijuwa, ta gayyace ta taron ƙungiyarsu ta masu ɗinkin bargon ƙyalle, wanda ake yi sau ɗaya a wata a zauren wata coci, kuma tana son sanin abin da ake yi a wurin, ko sana'a ce da ake samun na kashewa da ita ko kuwa zaman hira ne na tsofaffi, sannan ko akwai gurbi ga wadda ta iya keken ɗinki amma ba ta taɓa yin irin wannan aiki ba.

Malama, kafin a fahimci ƙungiyar sai an fahimci bargon, domin yadda ake yinsa shi ne ya haifi taron. Bargon ninki uku ne. Akwai fuska, wadda ake haɗawa da ƙananan ƙyallaye masu launi daban-daban har su ba da zane. Akwai shimfiɗar auduga a tsakiya, wadda take riƙe ɗumi. Akwai kuma shafi a ƙasa, wanda yawanci yadi ɗaya ne mai faɗi. Sai a bi ukun da ɗinki layi bayan layi don kada audugar ta dunƙule idan an wanke, a ƙarshe a daje bakin. Dabarar ba baƙuwa ba ce a wurinmu, domin lifidin da dawakin sarakunan Hausa da na Barno suke sawa da ita ake yinsa, wato yadi biyu da cushe a tsakani, a bi da allura. Bambancin shi ne a Amurka aikin ya zauna a hannun mata, a cikin gida, saboda sanyin hunturu.

Aikin ya rabu gida biyu, kuma nan ne asalin maganar. Haɗa fuska aikin mutum ɗaya ne: mace tana iya yinsa da dare, ƙyalle bayan ƙyalle, tsawon watanni, ba tare da ta nemi kowa ba. Amma haɗa ninkin uku a bargon da ya isa babban gado abu ne da yake cin makonni idan hannu ɗaya ne, alhali mata shida ko takwas suna iya gama shi a yini ɗaya ko biyu. Shi ya sa tun ƙarni na 19 matan karkarar Amurka suke kiran gayya idan sun gama fuska, yau a gidan wannan, mako mai zuwa a gidan waccan, mai gida ta dafa abinci, sauran su zo da allurarsu.

Yana da kyau ki san yadda zaman yake, domin har yanzu akwai ƙungiyoyin da suke yinsa. Ana ɗaure ninkin uku a jikin firam na dogayen katakai huɗu, a ja shi ya miƙe amma kada ya yi tauri sosai, mata su zauna kewaye. Hannun dama yana sama da gajeriyar allura, da ɗan ƙarfe a kan yatsan tsakiya don tura ta. Hannun hagu yana ƙarƙashin bargon inda ido ba ya gani, kuma aikinsa shi ne ya ji tsinin allurar da zarar ta huda shafi, ya mayar da ita sama. Gwana tana ɗora huji uku ko huɗu a kan allura kafin ta ja zare sau ɗaya, kuma ana gane ta da kantar da ke kan yatsanta na hagu. Ƙullin zaren ma ba a barinsa a fili, ana fizgarsa ne a hankali har ya shige cikin audugar ya ɓuya. Idan kowace ta ɗinka iya inda hannunta ya kai, sai a kwance katakon gefe a naɗe wurin da aka gama, a matso da kujeru. Saboda haka babu wadda za ta yi gaba ta bar saura, mai sauri dole ta jira mai nawa, kuma a cikin wannan jira ne ake labarin rashin lafiyar wance da auren 'yar wance.

Ƙungiya mai rajista, mai shugaba da sakatariya da ma'aji, irin wadda aka gayyace ki, ta fi wannan gayya ƙuruciya nesa ba kusa ba. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu barguna na masana'anta sun yi arha, sana'ar ta ja baya. A 1971 gidan adana kayan fasaha na Whitney da ke New York ya rataye tsofaffin barguna a bango kamar yadda ake rataye zanen manyan masu zane, mutane suka fara yi musu wani kallo dabam. Bikin cikar Amurka shekara 200 da samun 'yanci a 1976 ya ƙara tayar da sha'awar sana'o'in kaka da kakanni, kuma yawancin ƙungiyoyin garuruwa daga wannan lokaci zuwa shekarun 1980 aka kafa su. A 1979 kamfanin Olfa na Japan ya fito da wuƙa mai kewaye kamar ƙaramar taya, wadda take yanka yadi ninki da yawa a ja ɗaya, ta rage wahalar almakashi ƙwarai. A 1984 aka kafa American Quilter's Society a garin Paducah na jihar Kentucky, a 2009 kuma wasu matasa a Los Angeles suka kafa Modern Quilt Guild, wadda yanzu take da rassa a ƙasashe da dama.

A cikin waɗannan shekaru ne kuma wani babban keke mai dogon hannu ya yaɗu, wanda yake tafiya a kan dogo yana ɗinke ninkin uku cikin 'yan sa'o'i. Yau mata da yawa suna kai fuskar da suka haɗa wurin mai irin wannan keke su biya ta, kamar yadda ake kai riga wurin mai aikin wuya. Ke nan buƙatar hannuwa da yawa, wadda ita ce ta tara matan tun farko, ta kau. Duk da haka taron bai watse ba, sai ma ya ƙaru, kuma a ganina dalilin shi ne abin da mai wannan aiki ta fi buƙata bayan hannu shi ne ido. Wadda ta yi wata shida tana haɗa ƙyallaye tana son ta nuna wa wanda ya san abin da aikin ya ci, kuma mijinta da 'ya'yanta, komai ƙaunar da suke yi mata, bargo kawai suke gani.

Shi ya sa a taron wata-wata, bayan an karanta bayanin zaman da ya wuce, ma'aji ta faɗi abin da ke asusu, wataƙila kuma wata malama da aka gayyato ta yi lacca, sashen da kowa yake jira shi ne na nuna aiki. Mace za ta fito gaba, mata biyu su riƙe mata bargon ta kusurwoyin sama su ɗaga, ita kuma ta faɗi wanda ta yi wa, da inda ta samo yadin, da wurin da ya ba ta wahala. Kusan kullum sai wata daga baya ta ce a juya musu bayansa, domin a shafi ake ganin gaskiyar ɗinki, ko layukan sun tafi daidai, ko zaren ya yi cunkus. Ana tafa wa sabuwar shiga da ta kawo ɗan bargon jariri kamar yadda ake tafa wa wadda ta ci gasa. Game da zauren coci kuwa, yawancin ƙungiyoyin aron wurin suke yi ko haya saboda arha da faɗi, wasu kuma a laburaren gari suke zama, kuma taron ba na ibada ba ne. Idan abin yana damunki, ki tambayi maƙwabciyarki kai tsaye, ba za ta ga laifinki ba.

Babban taro yana iya tara mata hamsin ko ɗari, don haka zumuncin gaske a ƙananan rukunoni yake, na mutum biyar zuwa goma, waɗanda suke haɗuwa a gidajen juna kowane mako ko biyu. A nan ake musayar gutsattsarin zane: kowace ta ɗinka murabba'i iri ɗaya guda goma, a raba, kowa ta koma gida da aikin hannun mutum goma. Akwai kuma wanda ake zagayawa da shi, inda mace za ta ɗinka tsakiya ta sa a jaka, ta biyun ta ƙara masa zagaye ɗaya, ta ukun ta ƙara wani, kuma mai shi ba za ta sake ganinsa ba sai bayan watanni, ya dawo mata da abin da ba ta zata ba. Wannan musaya ce ta sa suke da tsanani a kan awo. Ƙa'idar ita ce bakin ɗinki rubu'in inci ne cif, kuma murabba'in da zai zauna a inci 12 a jikin bargo dole ya fito inci 12 da rabi kafin a haɗa shi. Idan bakin ɗinkinki ya ɗara da kaurin zare biyu kacal, kuma murabba'in yana da ɗinki shida a jere, to naki zai fito a tsuke, kusurwoyinsa ba za su haɗu da na sauran ba, wadda take harhaɗawa kuma za ta kwana tana warwara. Telan da ya saba barin sarari a riga don a iya buɗe ta nan gaba, wannan ce al'adar da zai fara yaƙi da ita.

Aikin sadaka yana cin babban kaso na lokacin kowace ƙungiya. Ana ware rana guda a zo da kekuna, wasu suna yanka, wasu suna ɗinki, wasu suna guga, a fitar da barguna masu sauƙin zane da yawa. Wasu ana kai su sashen jariran da aka haifa bakwaini a asibiti, wasu gidajen da mata masu gudun dukan miji suke fakewa, wasu ga iyalin da gobara ta cinye musu gida. Akwai manyan tsare-tsare na ƙasa da ƙananan ƙungiyoyi suke aika wa aikinsu, kamar Project Linus da aka fara a 1995 don yara marasa lafiya, da Quilts of Valor da aka fara a 2003 don sojojin da yaƙi ya taɓa. A 2020, lokacin da takunkumin fuska ya yi ƙaranci a farkon annobar korona, waɗannan mata ne da tarin yadinsu suka shiga ɗinka shi suna rabawa. Sai kuma baje kolin da ake yi shekara-shekara ko bayan shekara biyu, inda ake hayar babban zaure, a gayyato alƙaliya ta duba aiki ta ba da lambobin yabo, a karɓi kuɗin shiga. Galibi akwai bargo guda da dukan ƙungiya ta haɗu ta yi, a sayar da tikiti, a jefa ƙuri'a, wanda ya dace ya tafi da shi. Wannan sashe ya yi kama da caca, kuma babu wanda zai tilasta miki sayen tikiti ko sayar da shi. Kina iya ba da gudummawarki ta tsaron ƙofa ko rataye barguna.

To, batun kuɗi. Irin wannan ƙungiya ba ta biyan kowa, ke ce ma za ki biya kuɗin shekara, ko da yake bai taka kara ya karya ba, bai kai kuɗin yadin bargo ɗaya ba. Kuma duk wadda ta lissafa sa'o'in da babban bargo yake ci, ta haɗa da kuɗin yadi da auduga, za ta ga cewa farashin da mai saye na yau da kullum zai yarda ya biya ba ya mayar da wahala. Masu cin abinci da sana'ar su ne masu koyarwa, da masu sayar da yadi, da masu babban keken nan. Amma akwai wani irin taron mata dabam wanda aka kafa shi don neman abin sawa a baka, kuma mafi shahararsa yana jihar Alabama. Ya kamata ki san labarinsa, domin za ki ji ana ambatonsa, kuma domin shi ne ya nuna abin da yake faruwa idan kasuwa ta shigo tsakanin mata da firam ɗinsu.

Gee's Bend ƙauye ne na baƙaƙen fata a gundumar Wilcox, wanda kogin Alabama ya kewaye shi ta gefe uku. Sunan ya fito ne daga Joseph Gee, wanda ya kafa gonar auduga da bayi a wurin a 1816. A 1845 gonar ta koma hannun Mark Pettway, shi ya sa har yau mutanen ƙauyen da yawa suke amsa sunan Pettway, sunan wanda ya mallaki kakanninsu. Bayan an 'yanta bayi sun ci gaba da noma ƙasar a matsayin 'yan haya, cikin bashin da ba ya ƙarewa. A 1932, bayan farashin auduga ya faɗi kuma ɗan kasuwar da yake ba su bashi a Camden, garin da ke tsallaken kogin, ya mutu, magadansa suka aiko aka kwashe musu dabbobi da kayan noma da abinci, sai da ƙungiyar agaji ta Red Cross ta ciyar da su. Gidajensu na katako ne, ana manna takardun jarida a bango don toshe iska, kuma a irin wannan ɗaki mutum yana buƙatar barguna da yawa a kan gado ɗaya kafin ya iya barci.

Matan ba su da kuɗin sayen yadi, don haka da tsofaffin wandunan gona, da buhunan gari da na taki, da ragowar riguna suke aiki, audugar tsakiya kuma ragowar wurin gurza ce, a buge ta da sanda har ta yi laushi. Idan ka dubi bargon wandunan nan da kyau za ka ga inda aka cire aljihu, shuɗin wurin ya fi na kewaye duhu saboda rana ba ta taɓa shi ba, ka ga gwiwar da ta koɗe har ta yi fari. A 1942 wata mata mai suna Missouri Pettway ta haɗa bargo da kayan aikin mijinta Nathaniel bayan rasuwarsa, don ta riƙa rufa da su. Ba su bin awon rubu'in inci. Suna da zanen da suka gada, kamar wanda ake zagaya murabba'i a cikin murabba'i har ya yi kama da rufin ɗaki idan an kalle shi daga ƙasa, amma kowace tana karkatar da shi yadda ta ga dama, layi ya yi faɗi a nan ya tsuke a can, ja guda ɗaya ya faɗo a inda ba a zata ba. Haɗa fuska kowa a ɗakinta, ɗinkin ninki uku kuma bayan an gama girbi, gida-gida, suna yi suna rera waƙoƙin coci.

A shekarun gwagwarmayar 'yancin baƙaƙe mutanen ƙauyen suka fara tsallaka kogi zuwa Camden don yin rajistar zaɓe. A 1962 hukuma ta dakatar da jirgin fiton da yake ƙetarar da su, tafiyar 'yan mintoci ta koma zagayen kusan awa guda a mota, kuma jirgin bai dawo ba sai 2006. Jagoran gwagwarmayar, Martin Luther King, ya ziyarci ƙauyen a 1965, kuma alfadaran da suka ja keken gawarsa a Atlanta a 1968 daga can aka kawo su. Iyalai da yawa a yankin sun rasa gonakin haya da aikin yi saboda sun yi rajista. A cikin wannan hali ne wani limamin coci, Francis Walter, ya ga barguna a shanye a kan igiya, ya fara saye a kan dala 10 kowanne, yana aikawa New York a yi gwanjonsu, a dawo wa matan da kuɗin. A watan Maris na 1966 matan yankin suka kafa ƙungiyar gama-kai mai suna Freedom Quilting Bee, da Estelle Witherspoon a matsayin manaja. A 1969 suka gina cibiyar ɗinki tasu wadda suka sa wa sunan King, suka buɗe wurin rainon yara, kuma daga filin da suka saya suka yanka wa wasu iyalan da aka kora daga gidajensu.

Wannan nasara ce ta gaske, mata da yawa a nan suka fara karɓar albashi a rayuwarsu. Sai dai manyan kantunan New York irin su Bloomingdale's suna son kaya iri ɗaya, awo ɗaya, launi ɗaya, wanda za a iya sa hotonsa a littafin talla a kuma kawo irinsa ɗari. Karkataccen layin nan da ya ja hankalin masu saye na farko sai ya zama aibi, ana dawo da aiki a ce a warware. A 1972 ƙungiyar ta sami kwangila da kamfanin Sears na ɗinka rigunan matashin kai da wani yadi mai kauri mai layi-layi, aikin da ya riƙe ta shekaru masu yawa amma ba shi da alaƙa da fasahar da aka san su da ita. Abin sha'awa shi ne matan suna kwashe ragowar wannan yadi su kai gida, da dare su haɗa bargunan kansu yadda ransu yake so, kuma waɗannan barguna na ragowar Sears suna cikin waɗanda gidajen adana kayan fasaha suke alfahari da su a yau. Ƙungiyar ta rufe a 2012.

Suna na duniya ya zo ne ta wata hanya. A ƙarshen shekarun 1990 wani mai tara kayan fasaha, William Arnett, ya bi gida-gida yana sayen tsofaffin barguna, wasu daga ƙarƙashin katifa. A 2002 aka baje su a gidan kayan fasaha na Houston, daga nan aka kai su Whitney, mai sharhin jaridar New York Times ya sa su cikin mafi ban mamakin fasahar zamani da Amurka ta samar. A 2003 mata kusan 50 suka kafa Gee's Bend Quilters Collective don su riƙa sayar da aikinsu da kansu, kowane bargo da sa hannun mai shi da lambarsa, wani kaso na kuɗin ya tafi ga wadda ta ɗinka, wani ya shiga asusun kowa da kowa. A 2006 hukumar gidan waya ta fitar da kan sarki guda 10 masu hoton bargunan, a 2015 kuma aka ba Mary Lee Bendolph da Lucy Mingo da Loretta Pettway babbar lambar yabo ta ƙasa ta masu sana'ar gargajiya.

Amma zanen ya riga ya hau dardumomi da kofuna da katunan gaisuwa, ƙauyen kuma yana nan cikin talaucinsa. A 2007 wasu daga cikin matan suka kai Arnett kotu suna cewa ba a biya su haƙƙinsu yadda ya kamata ba, wasu matan kuma suka tsaya a bayansa suna cewa ba don shi ba da babu wanda ya san da su, aka kashe maganar a 2008 ba tare da an kai ga yanke hukunci ba. Daga baya gidauniyar Souls Grown Deep, wadda tarin Arnett ya koma hannunta, ta taimaka wajen tsara musu haƙƙin mallakar zanensu, kuma daga 2021 wasunsu suka buɗe shagunan kansu a Etsy, dandalin saye da sayarwa na intanet, mai saye ya biya mai ɗinki ba tare da dillali ba. Ra'ayina shi ne matan nan sun iya haɗa kai a kan aiki tun kafin a haifi duk masu ba su shawara, inda aka fi su shi ne takarda, wato wa ya mallaki hoton, nawa ne kason kowa, wa yake riƙe da littafin asusu. Ƙungiyar garinku ba za ta taɓa fuskantar rigima mai wannan girma ba, amma ƙananan irinta suna nan, kamar wadda ta kwafi zanen wata ta shiga gasa da shi ba ta ambace ta ba, ko kuɗin baje koli da ba a yi bayaninsa a fili ba. Idan kin je, ki lura ko ma'aji tana karanta lissafi a gaban kowa, ki kuma lura ko ana sauya shugabanni ko kuwa mutum uku ne suke juya komai shekara da shekaru.

Akwai kuma abin da za ki iya cin karo da shi a wasu tsofaffin ƙungiyoyi, wato dattijuwar da take duba kusurwa da tabarau tana neman inda bai haɗu ba. Ki koyi awonta, domin ba za ki iya shiga aikin musaya ba sai da shi, kuma ilimin da ke hannunta ba a samunsa a bidiyo. Amma a bargon da yake naki ke kaɗai, babu dokar da ta hana ki karkata layi. Yawancin mambobin irin waɗannan ƙungiyoyi fararen fata ne da suka manyanta, ko da yake a manyan birane akwai ƙungiyoyin baƙaƙen Amurka da na matasa, don haka wataƙila ke kaɗai ce mai lulluɓi a zauren, kuma za ki sha tambayoyi, mafi yawansu a kan yadin da ke jikinki.

Shawarata ita ce ki amsa gayyatar. Yawancin ƙungiyoyi suna barin baƙuwa ta halarci zama ɗaya ko biyu kafin ta yi rajista, kuma ba a buƙatar ki zo da keke a taron wata, sai a ranar aiki. Ki fara da teburin sadaka, domin a can za a ba ki ƙyallayen da aka riga aka yanka, a zaunar da ke kusa da wadda za ta nuna miki bakin ɗinki, kuma babu mai auna kuskurenki. Idan kina da ragowar atamfa ki tafi da ita, mai kyau auduga ce zalla kuma masu wannan sana'a suna nemanta da tsada, sai dai ki wanke ta tukuna har sai ruwan ya fita fes, saboda wata tana zuba, kuma ja ɗaya da ya zuba yana iya ɓata farin da ke bargon mutum goma. Leshi da yadi mai santsi ko mai talewa ki ajiye su a gida, ba sa zama lafiya kusa da auduga. Idan kuma kin gama bargonki na farko, ki ɗinka ɗan farin ƙyalle a kusurwar shafi, ki rubuta sunanki da garin da shekarar da alƙalamin da ba ya fita a wanki, domin a baje koli za a nemi wannan kafin a karɓi aikin.